"Abokin cin mushena" ko "abokina na cin mushe"?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya biyu, kuma da ɗan gaggawa. Aminina zai angwance ƙarshen wata, mu abokan ango muka haɗa kuɗi za mu buga kalanda da hotonsa. Aka ce kowa ya kawo layi ɗaya na taya murna. Ni na rubuta: "Ina taya abokin cin mushena murna." Yaron da ke tsara mana aikin a kwamfuta ya karanta ya bushe da dariya, wai na zagi ango na zagi kaina. Wani cikinmu kuma ya ce shi ba ma'anar ce ta dame shi ba, ginin ne, wai "mushena" na nufin mushen nawa ne, daidai shi ne "abokina na cin mushe". To malamai, ina gaskiyar take? Tun firamare muke tare da mutumin nan, ban san wata magana da ta fi wannan nuna kusancinmu ba.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Kalandar da za a rataya a ɗakin uwar amarya? Ƙanena, rufa wa kanka asiri.

Bazazzagi: Bakano ke nan. An ce ka kawo fatan alheri, ka kawo takardar tonon silili. Faɗa mana inda kuka ci, mu ma mu riƙa kauce wa unguwar.

Ɗan Kurmi: Bazazzagi, bari manya su yi magana. Kai ka jira a zo kan "motan nan" da "rigan nan", can ne fagenka.

Malama Uwani: Mu fara da ma'ana, don idan ta rushe ba sai an wahala da nahawu ba. Maganar guntu ce da aka yanko daga karin magana: "Abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa." Mushe dabba ce da ta mutu ba tare da an yanka ta ba. Bahaushe ba ya ci, wanda ya ci kuma ba ya so a sani. Wanda zai fita ya yanko naman mushe dole ya soke wuƙarsa cikin riga, kada a tambaye shi ina za shi da ita alhali ba a ji an yi yanka a gari ba. Mutum ɗaya ne kawai ɓoye masa ba shi da amfani, shi ne wanda za su ci tare.

Saboda haka kusanci yana ciki, ban musa ba. Amma kusancin waɗanda suka san asirin juna ne, kowa na tsoron bakin ɗan'uwansa. Shi ya sa za ka ji an ce an kama wane da abokan cin mushensa. Liman da na'ibinsa kuwa, ko sun shekara arba'in tare, ba wanda zai kira su haka.

Baban Ummi: Malama, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja. Wa ke cin mushe don marmari? Sai wanda yunwa ta kai shi maƙura. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Mu kuma da idonmu mun ga farin 1973 da na 1984, shanu na faɗuwa a bakin hanya, mai su na tsaye yana kallo, wasu kafin a kawo wuƙa sun riga sun cika. Mutumin da kuka shiga irin wannan hali tare, kuka ci abin da ba a ci, kuka tashi ba wanda ya fallasa wani, ni a wurina ya wuce aboki, ya zama ɗan'uwa. Ina ganin can asali maganar yabo ce ga wanda aka sha wuya tare da shi, daga baya ne mutane suka jingina ta ga ɓarayi. Yaron nan bai yi laifi ba.

Alaramma: Alhaji, bari in sa baki ta ɓangarena. Alƙur'ani ya haramta mushe a Baƙara aya ta 173, da Ma'ida aya ta 3, kuma a duka wuraren an yi rangwame ga wanda lalura ta tilasta, ba mai neman daɗi ko ƙetare iyaka ba. Wanda ya ci don ya tsira da rai babu zunubi a kansa. To wanda ba shi da laifi, me zai sa ya ɓoye wuƙa? Ɓoyon nan da ke cikin karin maganar shi ke nuna ba a kan mai lalura aka yi ta ba.

Baban Ummi: Kunya, Allah gafarta Malam. Shari'a ta yafe, amma mutanen gari ba sa mantawa. Bayan an yi ruwa an ƙoshi, sai a riƙa nuna gidanka ana cewa can ne suka ci mushe shekarar fari. 'Ya'yanka mata ma sai abin ya bi su.

Alaramma: Wannan kam gaskiya ne. Amma ka ga ka dawo kan maganar Malama, abin kunya ne ya haɗa su.

Bazazzagi: Ni tambayata, masu cin soyayyar fara da yaji a bakin tasha, su ma abokan cin mushe ne? Ban taɓa ganin mahauci ya kayar da fara ya fuskantar da ita gabas ba.

Alaramma: Kai dai ba ka rabo da tsokana. Hadisi ya halatta mushe biyu, kifi da fara. Sai dai a Malikiyya an ce farar da aka tsinta ta mutu da kanta ba a ci, sai wadda aka kashe da niyya, ko da ta hanyar zuba ta a ruwan zafi ne. Ci farinka lafiya.

Na Damagaram: Ku dakata in ba ku dariya. Mu nan Nijar malamin lakwal, wato makarantar boko, namiji "mushe" ƴan makaranta ke ce masa, daga kalmar Faransanci ta girmama namiji. Furucin ya bambanta da na mushen dabba, amma a rubuce abu ɗaya ne. In kalandar nan ta ƙetaro iyaka ta shigo Zinder, yara za su ce ango da abokinsa malamai suke ci.

Maman Hanif: Innalillahi, yau na sha dariya har yara na tambaya ko lafiya.

Malama Uwani: Alhaji Baban Ummi, fassararka tana da daɗi, kuma ba na raina ta. Amma ma'anar salon magana ba a asalin da muke hasashe take ba, a bakin masu magana take. Ka gwada da kanka. Ka je ta'aziyya ka ce wa 'ya'yan mamaci, "Mahaifinku abokin cin mushena ne." Ka ga yadda fuskoki za su canza. Wanda aka sha wuya tare da shi Hausa ta riga ta ba shi suna, kuma da gini iri ɗaya: "Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa." Ka ajiye su gefe da gefe, wuri biyu kawai aka sauya, amma ɗaya na amana ne a baƙin ciki, ɗaya na haɗin baki ne a ɓarna.

Abin da ke ruɗa mu shi ne kalmar "aboki". Muna jin ta sai mu ɗauka ƙauna. A irin wannan gini ba ƙauna take ɗauke da ita ba, tana nufin wanda kuke cikin abu ɗaya da shi, ko mene ne abin. Abokin ciniki yana iya zama wanda ka fara gani yau, ya taya maka kaya da wulaƙanci. Abokin hamayya so yake ka faɗi zaɓe. Abokin gaba fa? Abokiyar zama kuwa, matan zaure su faɗa mana yawan ƙaunar da ke ciki. Kalmar da ta biyo bayan aboki ita ke yanke hukunci.

Maman Hanif: Malama, a bar wannan zancen na abokiyar zama, kada a tayar mana da hawan jini da rana tsaka.

Baban Ummi: Na ji misalin ta'aziyya. Amma samari suna faɗa wa junansu a majalisa, ba wanda ke jin haushi.

Malama Uwani: Suna faɗa, kuma daidai ne a wurin. Sa'anni na kiran juna "ɗan iska" da "mugu" suna tafawa. Zagin ne ke nuna kusancin, wato mun kai matsayin da zan faɗa maka wannan ba ka yi fushi ba. Amma bakin da ya faɗa da kunnen da ya ji duk na majalisa ne. Kalanda kuwa ba ta da murya, ba ta dariya, surukai za su karanta ta yadda take a rubuce.

Na Damagaram: Irin na abokan wasa ke nan. Bafillace ya ce wa Babarbare bawansa, Buzu da maƙeri su yi ta yi, ba mai kai ƙara. A 2014 UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Amma ko a nan, abin da ka faɗa wa taubashinka a kasuwa ba ka rubuta masa shi a takardar neman aure.

Ɗan Kurmi: To na ji, na cire. Amma har yanzu ba a ba ni amsar ta biyu ba, kuma mun yi musu da mutumin nan har da rantsuwa. "Mushena" kuskure ne?

Malama Uwani: Ba kuskure ba ne, kai ke da gaskiya a nan. Ga dalili.

"Abokin cin mushe" ba jimla ba ce, yanki ne, yankin suna. Idan ka faɗe shi ka yi shiru, mai sauraro zai ce maka "ya yi me?" Kalmomi uku ne, aboki, ci, mushe, sai mahaɗi -n guda biyu da ke ɗaure su. "Ci" a nan ba aikatau ba ne, suna ne da aka samo daga aikatau, shi ya sa ya karɓi -n kamar yadda "gida" ke karɓa a "gidan Audu". Ka lura, "ya ci mushe" babu -n, "cin mushe" akwai.

Kalmar farko ita ke jan ragamar yankin. Ita ake sauyawa idan mace ce ko jama'a: abokiyar cin mushe, abokan cin mushe. Ita kuma dirka, wato "ne" ko "ce", ke bi: "abokin cin mushe ne", "abokiyar cin mushe ce". Mushe yana nan yadda yake, ba ruwansa.

Amma gajeruwar mallaka, wato -na, -nka, -nsa da 'yan'uwansu, ba ta shiga tsakiyar yankin da ya dunƙule. Sai ta zagaya ta maƙale a ƙarshe, ta mallaki yankin gaba ɗaya. Kullum muna yin haka ba mu lura ba: abokin aikina, abokin cinikinsa, gidan saurona, ɗan'uwanka. Wanda ya ce "gidan saurona ya yage" ba kiwon sauro yake ba.

"Abokina na cin mushe" shi ma Hausa ce, amma wata magana ce daban. Ka raba yankin biyu, ka sa "na" mai zaman kanta a tsakiya. Wannan ginin ana yin sa ne idan ana tantancewa: abokina na makaranta, ba na unguwa ba. Wato kana da abokin ƙwallo, da abokin karatu, shi kuma wannan na cin mushe ne. Gyaran da abokinka ya kawo ya fi naka muni, don ya mai da salon magana zance na zahiri.

Ɗan Kurmi: Allah ya saka da alheri Malama. Zan tura masa wannan yanzu yanzu. A kalanda kuma "aminina" zan sa in huta.

Maman Hanif: Ko ka ce ku Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Tsohon Edita: Hajiya, wannan ma da sauran rina a kaba. Ɗanjuma da Ɗanjummai duk sunan yaron da aka haifa ranar Juma'a ne, don haka maganar ta fi nuna cewa biyun abu ɗaya ne, ba bambanci, kuma sau da yawa ba a wajen yabo ake faɗa ba. Idan kusanci ake nema, "hanta da jini" ko "aminai na ƙut da ƙut" sun fi zama.

Ɗalibar Hausa: Malama don Allah ni ma ina da tambaya, muna da jarrabawa. Yaya za a gane yankin da ya dunƙule da wanda bai dunƙule ba? Kuma "hanta da jini" shi ma yankin suna ne?

Malama Uwani: Yankin suna ne, 'yata, amma ɗaurinsa daban. Wancan da -n aka ɗaure, ɗaya na jingine da ɗaya. Wannan da "da" aka haɗa, biyun kafaɗa ɗaya suke. Kuma duk sunaye biyu da "da" ta haɗa jam'i ne, shi ya sa ake cewa "hanta da jini ne", ko da yake hanta mace ce. Ko duka biyun mata ne haka za a ce: "uwa da 'ya ne".

Gane dunƙulalle kuwa, ki gwada cusa masa wani abu a ciki. "Tsohon abokin cin mushe" ya zauna, sifar tana waje. "Abokin cin tsohon mushe" fa? Salon maganar ya mutu, yanzu zancen nama mai wari ake. Ki gwada musanya kalma, ki ce "abokin taunar mushe" ko "abokin cin gawa". Ba wanda zai gane nufinki. Amma "rigar Binta" kina iya cewa "rigar ƙaramar Binta", "zanen Binta", ba abin da ya lalace, don ba dunƙulalle ba ne.

Ɗalibar Hausa: Na gode Malama. Cikakkiyar karin maganar kuma ita ce jimla ko?

Malama Uwani: Ita ce. Tsarinta na yau da kullum shi ne "Ba a ɓoye wa abokin cin mushe wuƙa." Sai aka ɗauko yankin sunan aka kai shi gaba don a ja hankali kansa, aka bar "masa" ya riƙe masa wuri. Gaban suna "wa" ake sawa, gaban wakilin suna "ma": ɓoye wa aboki, ɓoye masa. Karin magana da yawa haka aka gina su, a fara ambaton abu, sannan a yanke masa hukunci.

Tsohon Edita: In ƙara mata ɗaya da ke kayar da ɗalibai. "Ba a ɓoye masa wuƙa" da "ba a ɓoye masa wuƙa ba" ba ɗaya ba ne. Ta farko, mai "ba" ɗaya da ake ja, ƙa'ida ce ta kullum. Ta biyu labari ne na abin da ya wuce, wato ran nan ba a ɓoye ba. Sannan don Allah jama'a, "ba a" kalma biyu ce. Wannan "ba'a" da ta cika Facebook wata kalma ce daban, ita ce zolaya. Na gaji da jan layi a ƙarƙashinta tun ina aiki.

Basakkwace: Mu nan Sakkwato "yuƙa" mu ka cewa, kuma "ɓoye mai". Amma zancen Malama bai kauce ba ko ga harshenmu: abokin cin mushenai, abokin tahiyatai. Ga ƙarshe mallaka ta ka zama.

Ɗalibar Hausa: To ga abin da ya ruɗa ni a misalin Baba Basakkwace. An ce kalmar farko ke jan ragama. Aboki namiji ne, me ya sa ake cewa "abokin tafiyarsa" da -r, ba "abokin tafiyansa" ba?

Malama Uwani: Tambaya mai kyau. Dirka na duban kalmar farko, amma mahaɗin da ke ƙarshe yakan dubi kalmar da ya maƙale mata. Tafiya mace ce, sai ya zama -r: abokin tafiyarsa, abokin hamayyarsa, abokin shawararsa. A "mushena" ba a ga rigimar ba ne saboda aboki da mushe duk maza ne.

Tsohon Edita: Yakan duba, amma ba kullum ba. Sanda mace ce, "sandar makaho" muke cewa. Amma wa ya taɓa cewa "ɗan sandar nan ya tsayar da ni"? Kowa "ɗan sandan nan" yake cewa, "'yan sandan Najeriya".

Malama Uwani: Haka ne ranka ya daɗe. Ɗan sanda ya narke ya zama kalma ɗaya, mai faɗa ba ya ma tuna sandar. Abokin tafiya bai kai nan ba, tafiyar tana raye a ciki. Akwai kuma na tsakiya da ba su zauna ba tukuna: ɗan kasuwa, ɗan siyasa, ɗan jarida. Ka saurari labarai na kwana ɗaya, za ka ji "ɗan siyasar nan" ka ji "ɗan siyasan nan", wani lokaci a tasha guda.

Ɗan Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan ba mu da wannan ciwon kai, komai -n muke sa masa. Abokin tafiyan shi, motan shi, matan shi.

Maman Hanif: Matan shi? To yaya ake gane mai ɗaya da mai huɗu?

Ɗan Zongo: Daga ramar da ya yi, Hajiya.

Tsohon Edita: Ni dai a teburina "ɗan jaridar nan" nake bari ya wuce. "Ɗan jaridan" ba ya shiga kunnena, ko da me za a kafa hujja.

Malama Uwani: To ranka ya daɗe, ga inda kunnen zai sa ka a matsala. "Ɗan ƙasar nan" mutumin wannan ƙasa ne, "nan" ɗin ƙasa yake nunawa. "Ɗan ƙasan nan" kuwa wannan mutumin ne da ake zance, ɗan ƙasa. Haka "ɗan kasuwar nan" yana iya zama mai zama a wannan kasuwa, kamar a ce ɗan kasuwar Kurmi, "ɗan kasuwan nan" kuma wannan attajirin. In ka rubuta "ɗan jaridar nan ya yi ƙarya" a shafin jaridarka, mai karatu na da damar ɗauka ma'aikacinku kake nufi.

Tsohon Edita: Mai karatu ba wawa ba ne Malama, abin da ya gabata a labarin zai nuna masa. Kuma in an bi taki, sai mu ce "abokin tafiyansa" don mutumin ake mallaka ba tafiyar ba. Kin yarda?

Malama Uwani: Ban yarda ba, don ba haka Kanawa ke faɗa ba, kuma a kan Kananci aka gina daidaitacciyar Hausa. Amma "ɗan kasuwan nan" Kanawa na faɗa, ka je kasuwar Kwari ka saurara.

Tsohon Edita: Na je Kwari kafin a haifi rabin 'yan zauren nan. Dukansu biyu ake faɗa.

Bazazzagi: Ku ci gaba da musu. Ɗan sandan ya riga ya shigo hannunmu, ɗan kasuwan na kan hanya. Ɗan Kurmi, kana ina? Ka ce in jira fagena, to ga shi an zo.